Titi na 25 a Garin Ogden: Tambayoyi da Amsoshi kan Kasuwar da Jirgin Ƙasa Ya Raya

A yammacin Amurka akwai garuruwa da dama waɗanda layin dogo ne ya tashe su, kuma kusan kowanne yana da titi guda da ya miƙe daga bakin tasha zuwa tsakiyar gari, shaguna da otal-otal jere hagu da dama. Da harkar jirgin fasinja ta mutu, an rushe yawancinsu. Na garin Ogden a jihar Utah yana cikin waɗanda suka tsira da gine-ginensu.

Ina ne Ogden, kuma wane yanki ake kira tsohon Titi na 25?

Ogden yana arewacin jihar Utah, kimanin kilomita 60 daga Salt Lake City, babban birnin jihar. Duwatsun Wasatch suna gabas da shi, babban tafkin gishiri yana yamma. A ƙidayar 2020 mutanensa sun ɗan haura 87,000. An sa masa sunan Peter Skene Ogden, wani mafarauci mai fataucin fatu da ya yi wa kamfanin Hudson's Bay aiki.

Titi na 25 dogo ne, amma abin da ake nufi da tsohuwar kasuwa bai wuce gaɓa uku ba: daga ƙofar tasha a kan titin Wall, a ƙetare Lincoln da Grant, a tsaya a Washington. Mai tafiya a ƙasa zai gama shi cikin minti goma idan bai tsaya kallo ba. Gine-ginen na jan bulo ne, hawa biyu ko uku, fuskarsu siririya, cikinsu ya yi zurfi zuwa baya. Shago a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Yawancinsu an gina su daga wajajen 1880 zuwa farkon ƙarni na 20.

Me ya sa layin dogo ya zaɓi Ogden?

Kamfanoni biyu ne suka shimfiɗa layin farko da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma. Union Pacific ya taso daga Omaha yana yin yamma, Central Pacific ya taso daga Sacramento a Kalifoniya yana yin gabas. Gwamnati tana ba kowanne bashi da filaye gwargwadon tsawon abin da ya shimfiɗa, don haka kowa ya yi ta sauri don ya ci rabon ɗan'uwansa. Sun haɗu a Promontory ranar 10 ga Mayu, 1869, inda aka yi bikin buga ƙusar zinariya.

Sai dai Promontory fako ne, babu ruwan kirki, babu gari. Wurin biki ya yi, wurin zama bai yi ba. Jirgin Union Pacific kuwa ya riga ya shigo Ogden tun watan Maris na wannan shekara, kuma kafin shekarar ta ƙare an dawo da wurin musayar fasinja can. Wani gari mai suna Corinne, wanda waɗanda ba 'yan Mormon ba (ɗarikar addinin da mabiyanta suka fi yawa a Utah) suka kafa, ya yi ta neman a ba shi mahaɗar. Brigham Young, shugaban 'yan Mormon, ya yi musu wayo: ya ba kamfanonin fili a Ogden don tasha da wuraren gyara, ya kuma sa aka ja layi daga Ogden zuwa Salt Lake City, aka gama a Janairun 1870. A 1874 aka tabbatar da Ogden a matsayin mahaɗa. Daga baya wani layi ya yi arewa zuwa Idaho da Montana, wani ya zo daga Denver a 1883. Corinne yau ƙaramin gari ne na manoma.

To, mece ce alaƙar tasha da cinikin titin?

Jira. Duk arzikin titin daga jira ya fito, kuma wanda ya gane wannan ya gane tashinsa da faɗuwarsa.

Tunda layin gabas na wani kamfani ne, na yamma na wani, a shekarun farko duk fasinja sai ya sauka a Ogden da kayansa ya canja jirgi. Jiragen ba sa zuwa a kan lokaci, don haka mutum yana iya yin sa'o'i a tasha, wani ma ya kwana. Ga shi ya kwashe kwanaki a tarago, ƙura da hayaƙin kwal sun turnuƙe shi, yana jin yunwa, yana son wanka da aski. Yana fitowa ƙofar tasha, titin ne shimfiɗe a gabansa, babu kwana. Sai gidajen abinci, masu aski, gidajen wanki da guga, teloli, masu karɓar jingina, kantunan magani da otal-otal suka jeru daidai inda ƙafarsa za ta bi.

Ko bayan da aka fara barin taragun fasinja su wuce kai tsaye, Ogden bai rasa komai ba, domin a nan ake canja kan jirgi da ma'aikata. A nan ake loda abinci, a sauke zannuwan gado masu dauɗa a ɗora wankakku, a zuba ƙanƙara a taragun da ke kai 'ya'yan itatuwa daga Kalifoniya zuwa gabas. Ga kuma zangon shanu da tumaki a yammacin layin, inda makiyaya ke sauke dabbobi su karɓi kuɗi. Direban jirgi, mai zuba kwal, mai birki da makiyayi duk mazaje ne da ke nesa da iyalinsu, da kuɗi a aljihu da dare guda na hutu. A 1870 mutanen Ogden sun ɗan wuce 3,000, zuwa 1890 sun kusa 15,000. 'Yan kasuwar garin har taƙama suke yi cewa ba ka zuwa ko'ina sai ka biyo ta Ogden.

Ba 'yan Mormon ne suka kafa garin ba? Yaya suka ji da irin wannan titi?

Su ne. Mormon ɗarika ce da ta samo asali a Amurka a ƙarni na 19, mabiyanta suka yi hijira zuwa kwarin Salt Lake a 1847 bayan an kore su daga gabas. A shekarar ce suka sayi wurin da Ogden yake daga hannun wani mafarauci, Miles Goodyear. Addininsu ya hana giya da taba, har da shayi da kofi. Manoma ne masu son zaman lafiya da tsari, titunansu faɗi-faɗi a miƙe.

Sai ga jirgi ya kwaso musu duniya ya zube a ƙofar gida. Wanda ya san yadda Sabon Garin Kano ya tashi bayan isowar layin dogo a 1911, unguwar baƙi a gefen tsohon birni mai dokokinsa, zai fahimci zaman da aka yi: 'yan gari suna ƙyamar abin da ake yi a can, amma kuɗin da ke fitowa daga can yana shiga aljihun kowa. Bambancin shi ne a Ogden baƙin sun yi yawa har suka ƙwace mulki. A zaɓen 1889 jam'iyyar waɗanda ba 'yan Mormon ba ta ci gari, Fred J. Kiesel, wani ɗan kasuwa haifaffen Jamus, ya zama magajin gari. A shekarar aka sauya sunayen tituna: wanda ake kira Titi na 5 ya koma na 25, babban titin gari ya koma Washington, wasu kuma aka sa musu sunayen shugabannin Amurka.

Da gaske ne titin ya yi ƙaurin suna?

Ƙwarai kuwa. Mashaya, gidajen caca, ɗakunan shan ofiyom da gidajen karuwai duk an yi su. A bayan shagunan ɓangaren arewa akwai wani lungu da ake kira Electric Alley, jere da ƙananan ɗakuna. Magajiyar da ta fi suna ita ce Dora Topham, wadda aka fi sani da Belle London. Ginin da ake danganta mata yana nan har yau, da tsohon rubutun shagon askirim a samansa. Ta yi ƙarfi har a 1908 hukumomin Salt Lake City suka nemo ta ta riƙe musu wata unguwar karuwai da aka kewaye da katanga, wadda aka rufe a 1911. A shekarun 1940 wata Rose Davie ta gaje ta a suna, ana ba da labarinta tana yawo a titi da wata dabbar daji mai kama da ƙaramar damisa a ɗaure da igiya.

Utah ta haramta giya a 1917, shekaru uku kafin dokar ta game ƙasar. Sai sana'ar ta koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayan kantunan lemo. Abin dariya, jihar Utah ɗin ce ta 36 da ta amince a soke haramcin a Disambar 1933, kuma ƙuri'arta ce ta cika adadin da ake buƙata.

Hukuma ba ta cika rufe ido kyauta ba. Harman Peery, wanda ya fara zama magajin gari a 1934, ya shahara da barin caca ta gudana, ana cin masu ita tara a kai a kai, kuɗin na shiga asusun gari a lokacin da tattalin arziki ya karye. Masu sukarsa sun ce haraji ne a kan ɓarna, masu sonsa sun ce ya biya albashi. Mutanen Ogden dai sun yi ta sake zaɓensa.

Ana cewa Al Capone ya ce garin ya fi ƙarfinsa, kuma wai akwai ramuka a ƙarƙashin titin?

Maganar Capone, ƙasurgumin ɗan daban Chicago, labari ne na baka. Kowa a garin ya san shi, masu yi wa baƙi jagora suna jin daɗin maimaita shi, amma babu wata shaida da ta tabbatar. Na ramuka kuma yana da ɗan tushe. Gine-ginen suna da ɗakunan ƙasa, wasu sun zarce har ƙarƙashin dakalin masu tafiya don sauke kwal da kaya, wasu kuma akwai ƙofa tsakaninsu da na maƙwabci. Mai gudun 'yan sanda zai iya shiga wani shago ya fita ta wani. Daga nan ne baki ya ƙara gishiri har aka ce rami guda ya tashi daga tasha ya ɓulle can ƙarshen titi.

Su wane ne ainihin mutanen titin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a yi, domin labarin magajiyoyi ya danne na masu neman halali, alhali sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsu suka shimfiɗa layin Central Pacific 'yan Sin ne. Bayan an gama, wasu sun zauna a Ogden suka buɗe gidajen wanki da na abinci, duk da dokar 1882 da ta hana leburori 'yan Sin shigowa ƙasar. Daga wajajen 1900 Japanawa suka zo aikin layi da gonakin da ake noma gwozar sukari, suka kafa unguwarsu kusa da titin, da kantunan kifi, otal-otal da gidajen taliya. Akwai Girkawa da Italiyawa, da makiyayan tumaki 'yan Basque daga kan iyakar Sifen da Faransa, daga baya kuma 'yan Meziko.

Sai baƙaƙen fata. Kamfanin Pullman mai taragun kwana da kamfanonin jirgi sun ɗauki dubban baƙaƙen Amurka a matsayin masu hidimar fasinja, kuku da masu rabon abinci. Aiki ne na wahala da rashin barci, ga raini, amma a zamanin yana cikin mafi daraja da baƙar fata zai samu, kuma ƙungiyar ƙwadagonsu da A. Philip Randolph ya jagoranta daga 1925 ta taka rawa a gwagwarmayar neman 'yanci. Ogden na cikin wuraren da suke sauka hutu. Mutum ya kwana yana gyara wa farar fata gado a cikin jirgi, ya sauko otal ɗin da ke gaban tasha ya ƙi ba shi ɗaki. Tsofaffin garin sun sha ba da labarin yadda titin ya rabu: ɓangaren kudu na baƙaƙe, na arewa na farare. Otal ɗin Royal a kan titin Wall na cikin 'yan wuraren da ke karɓarsu.

A wannan ɓangaren kudun, kusa da tasha, aka yi kulob ɗin Porters and Waiters, wanda AnnaBelle Weakley da mijinta suka riƙe. Abinci, wurin hutawa da kiɗa, dare da rana. A ƙarshen 1945 wani mabushin saksofon, Joe McQueen, ya zo da ƙungiyar kiɗan da yake ciki aikin mako biyu. Shugaban ƙungiyar ya cinye kuɗinsu a caca, McQueen ya maƙale a garin, bai kuma sake barinsa ba. Manyan makaɗan jaz da jirgi ya sauke suna jira sukan shigo su yi wasa tare da shi. Samari farare suka fara tsallako titi don su ji kiɗa, shi kuma ya riƙa ƙin yin wasa a inda ake hana baƙaƙe shiga. Ya yi aikin kanikanci shekara da shekaru, ya ci gaba da busa har ya rasu a Disambar 2019 yana da shekara 100.

Tashar da ake gani yau ita ce ta asali?

A'a, ta uku ce. Ta farko ta katako ce a cikin taɓo. An gina ta bulo mai hasumiyar agogo a 1889, gobara ta cinye ta a Fabrairun 1923. Kamfanin ya so ya yi kwaskwarima kawai, sai wani dutse ya faɗo daga ginin da ya ƙone ya kashe ma'aikaci guda, mutanen gari suka matsa lamba. Aka gina sabuwa a kan tsohon harsashi, aka buɗe a Nuwamban 1924. John Parkinson da ɗansa Donald ne suka zana ta, su ne kuma suka zana babbar tashar Los Angeles daga baya.

Yaushe kasuwar ta fi ci?

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa sansanin jiragen sama na Hill da manyan ɗakunan ajiyar kayan soja a kewayen garin, ga jiragen sojoji masu tafiya gaɓar tekun Pasifik. Ana ambaton jirage sama da 100 a rana. Matan sa kai na Red Cross sun riƙe wurin ba da abinci a tasha, suka ciyar da sojoji fiye da miliyan guda kafin a gama yaƙin. Titin ba ya barci, 'yan sandan soja na sintiri a kansa.

To me ya kashe shi?

Jira ya ƙare. Injin dizal ya maye gurbin na kwal, ba ya buƙatar tsayawa shan ruwa da gyara a kai a kai, ma'aikata kaɗan sun ishe shi. Dokar manyan hanyoyin mota ta 1956 da jirgin sama suka kwashe fasinja. A wajajen 1950 kuma hukumomi sun yi wa caca da karuwanci dirar mikiya, abin da ya tsabtace titin amma ya rage masa kuɗi. A 1971 kamfanoni suka sallama jigilar fasinja ga Amtrak, kamfanin jirgin fasinja da gwamnatin tarayya ta kafa, jirage suka koma 'yan ƙalilan, na ƙarshe ya bar Ogden a 1997. Zangon dabbobi ma an rufe shi a 1971. Otal-otal suka koma ɗakunan kwanan marasa galihu, iyaye suka riƙa gargaɗin 'ya'yansu kada su bi ta wurin.

Yaya aka yi gine-ginen suka tsira?

A ganina, talauci ne ya fara ceton su kafin masu kishin tarihi. Gine-ginen da ke wurare masu tsada su aka fara rushewa. Otal ɗin Broom da ke kusurwar Washington, wanda ya fi kowanne ƙawa a zamaninsa, an rushe shi a 1959. Na ƙasa kusa da tasha kuwa babu mai kuɗin da ya ga riba a filinsu, sai aka bar su suna tsufa. Ko kuɗin raya gari da aka samu daga baya, an zuba shi ne a wani katafaren ginin kantuna da aka buɗe a 1980 can gefe. Wannan ginin bai yi ƙarko ba, an rushe shi a 2002, tsofaffin shagunan da aka raina suna nan tsaye.

Doka ma ta taimaka. Bayan rushe tashar Penn ta New York a 1963, wanda ya tayar da hankalin jama'a, majalisa ta yi dokar kare wuraren tarihi a 1966 tare da rajistar ƙasa. An sa tashar Ogden a rajistar a 1971, ɓangaren Titi na 25 da ke kusa da tasha kuma a 1978. Shiga rajista kaɗai ba ya hana mai gini rushe kayansa. Amfaninsa shi ne rangwamen haraji: wanda ya gyara ginin kasuwanci bisa ƙa'ida yana samun ragin kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran daga harajin tarayya. Hanin rushewa da sauya fuskar gini yana zuwa ne daga dokokin birni. Birnin ya karɓi tashar a ƙarshen shekarun 1970 ya mayar da ita gidan tarihi, aka yi ta gyara shaguna ɗaya bayan ɗaya. A 2014 ƙungiyar masu tsara birane ta Amurka ta sa titin cikin fitattun titunan ƙasar.

Gyaran yana da nasa naƙasun. Ɗan daba da magajiya sun fi sayuwa ga mai yawon buɗe ido, don haka su ake sa wa a riguna da sunayen mashaya. Unguwar Japanawa kusan babu alamarta, masu ɗakunan haya masu araha kuma an matsar da su wani wuri.

Me mutum zai gani idan ya je?

A cikin tasha akwai gidan tarihin jirgin ƙasa na jihar, da na tsofaffin motoci, da na bindigogin John Moses Browning, wanda aka haifa a Ogden a 1855 kuma ƙirarsa ta yaɗu a duniya. A waje an jera kawunan jirage, na kwal da na dizal, ga wani ƙaramin tarago da Faransa ta aiko a 1949 cike da kyaututtukan godiya bayan yaƙi. A kan titin, a ɗaga kai sama da allunan zamani: a can ne ake ganin shekarar gini da sunan mai shi, da dusasshen tallan da aka rubuta da fenti a jikin bulo. Da dare ana kunna macijin fitila na tsohon gidan taliyar Star Noodle. A ƙarshen titin akwai dogon ginin tsohon otal ɗin Bigelow na 1927, sinimar Egyptian ta 1924 kuma tana kan Washington. Ranar Asabar da bazara manoma na cin kasuwa a tsakiyar titi. Da hunturu baƙin masu wasan dusar ƙanƙara ne, domin Snowbasin, inda aka yi wasu wasannin Olamfik na 2002, yana bayan duwatsun.

Daga Salt Lake City ana zuwa a jirgin FrontRunner da aka fara a 2008, tafiyar kamar awa guda, yana tsayawa a ɗan arewa da tsohuwar tasha. Musulmi ya riƙa tambayar abin da ke cikin abinci, naman alade da giya ba baƙi ba ne a gidajen abincin titin.

Promontory fa, ana iya zuwa?

Ana iya, amma sai da mota, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma. Babban layi ya daina bi ta can tun 1904, da aka ja gajeriyar hanya ta ratsa tsakiyar tafkin gishiri, a 1942 kuma aka ciccire ƙarafan aka kai aikin yaƙi. Yanzu wurin tarihi ne na gwamnatin tarayya, an sake shimfiɗa ɗan guntun layi, kwafin kawunan jiragen nan biyu da suka haɗu a 1869 suna fitowa a lokacin ɗumi. Ƙusar zinariyar kanta ba ta can, tana gidan tarihin Jami'ar Stanford a Kalifoniya.